Fuska, Wuya da Akaifa: Yadda Ake Gane Gidan Ƙwaro Mai Dogon Ƙaho

Duk wanda ya bar fitilar tsakar gida a kunne a Maradi daren da ya biyo bayan ruwan shuka, ya san irin baƙin da zai yi. Shinge ne ke fara sallama, gyare da ƙananan fara su biyo baya, can kuma sai ka ji wani abu ya bugi kwano, ƙwal, ya faɗo ƙasa yana wutsil-wutsil. In ka haska shi za ka ga ƙwaro mai tsawon ɗan yatsa, da wasu ƙahoni biyu sirara masu gaɓa-gaɓa, wani lokaci har sun fi jikinsa tsawo. Na taɓa kai irinsa wurin wani dattijo masassaƙi da muke unguwa ɗaya. Ko juya shi bai yi ba ya ce, "Ɗana, ai wannan uwar tsutsar nan ce da ke ɓata mini ice." Na ce, "Baba, wacce daga ciki?" Ya yi dariya ya ce ta bagaruwa daban, ta kuka daban, shi a ramin yake gane su, sauran kuma aikinmu ne 'yan boko.

Aikin namu shi ne wannan jagora: yadda za ka tashi daga "wani ƙwaro mai ƙaho" ka kai ga sunan gidansa, wato abin da muka koya a makaranta da sunan « genre ». Wanda ke da garkar mangwaro a Jiratawa, da ma'aikacin gandun daji, da ɗalibin aikin gona a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, duk buƙatarsu guda ce. Sunan shi ne mabuɗin duk abin da aka riga aka rubuta kan ƙwaron, daga icen da yake ci zuwa lokacin da yake fitowa.

Tsanin da za ka sauka

An jera halittu hawa-hawa, kamar yadda ake jera mutum da ƙabilarsa, da zuri'arsa, da gidansu, sannan sunansa na yanka. A saman tsanin akwai Coleoptera, taron duk ƙwarin da ke da ɓawo mai tauri a baya, har da buzuzu da ƙwaron wake. A cikinsu akwai dangin da muke magana a kai, Cerambycidae, sunan da ya samo asali daga aikin Bafaranshe Latreille a 1802. An san jinsi fiye da 35,000 a wannan dangi, a cikin gidaje fiye da 4,000. Dangin ya rabu zuwa ƙananan dangi, galibin masana yanzu suna ƙirga 8. Ƙaramin dangi ya rabu zuwa zuri'a, zuri'a zuwa gidaje, gida zuwa jinsi.

Wutsiyar suna tana gaya maka hawan da kake. In ya ƙare da -idae dangi ne, -inae ƙaramin dangi, -ini zuri'a. Sunan gida kalma ɗaya ce mai babban baƙi a farko, sunan jinsi kuma kalma biyu, ta gida sannan tasa da ƙaramin baƙi. Wannan tsari na suna biyu ya kafu ne a kan aikin Linnaeus, mutumin Suwidin, kuma ga dabbobi ana fara lissafi daga 1758.

Mu a nan ba sai an yi mana dogon bayani kan wannan ba. Kakanninmu ba da riga suke gane Bagobiri da Bakatsine ba, tsagar fuska suke dubawa. Riga ana aro, ana sauyawa. Haka launin ƙwaro yake. Alamun da ake dogara da su suna fuska, da wuya, da gindin ƙaho, da akaifa, kuma da wannan jerin za mu bi su.

Kayan aiki da kamun ƙwaron

Ba ka buƙatar ɗakin bincike don kaiwa ga ƙaramin dangi, har ma da gidaje da dama. Nemi gilashin ƙara girman abu mai ninka sau 10, irin wanda masu gyaran salula da agogo ke riƙewa. Sai kwalabe masu murfi, alkol mai ƙarfin 70 daga kantin magani, rula mai milimita, fensir, dogayen allurai sirara, da farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin firigo ko talabijin. Salula mai kyamara tana taimakawa, musamman in ka ɗora gilashin a bakin kyamarar.

Hanya mafi sauƙi ita ce fitila. Ka shanya farin zane a igiya ko jikin bango, ka rataya fitila mai haske sosai a gabansa, daga bayan magariba zuwa tsakar dare. Daren da babu farin wata, mai zafi da lumshi, daga Yuni zuwa Satumba, shi ya fi kawo su. Masu yawon rana kuwa sai ka bi su: ka shimfiɗa zane ƙarƙashin reshen bagaruwa ko dakwara da sassafe, ka buga reshen da sanda, su zubo tun sanyin safiya bai sake su ba.

Hanya ta uku ita na fi so, ko da yake tana cin haƙuri. Kiwo ne daga ice. Ka nemi busasshen reshe da ya faɗi, wanda ke da rami ko yake zubar da dussar ice mai kama da zare-zare. In ka kara kunne da dare, wani sa'in har ƙarar cin tsutsar kake ji, ƙaras-ƙaras. Ka yanka shi guntu-guntu kamar kamu ɗaya, ka sa a bokiti ko tukunya, ka ɗaure bakin da tsohon sange, ka ajiye a inuwa. Kowane ice da bokitinsa, kada ka haɗa gawo da magarya wuri guda, don amfanin aikin duka shi ne ka san wane ƙwaro ya fito daga wane ice. Duk mako biyu ka yayyafa ruwa kaɗan, yadda ba zai yi funfuna ba. Wani ya fito bayan wata biyu, wani sai damina ta zagayo. Ƙwaron da ya zo fitila bai gaya maka inda ya girma ba, amma wanda ya fito daga bokitinka ya zo da takardar haihuwarsa.

Tsutsar ƙwaron fara ce mai laushi, mai gaɓa-gaɓa, gabanta ya ɗan fi kauri, kuma miƙe take. In ka ga farar tsutsa mai lanƙwasa kamar lauje da ƙafafu shida bayyane, gwazarma ce, ba ta wannan dangi ba. Kada ka sari ɗanyen ice don wannan aiki. Manoman da suka raya gawo da kalgo da sabara a gonakinsu ta hanyar sassabin zamani ba za su yafe maka ba, kuma in dajin Baban Rafi za ka shiga, fara gaisawa da ma'aikatan gandun daji.

Manyan suna cizo har jini. Ka kama su ta gefen wuya da yatsa biyu, daga baya.

Ajiya da takardar shaida

Ka sa shi a kwalba ka jefa a ɓangaren ƙanƙara na firigo kwana biyu. In wuta ba ta da tabbas, alkol ya isa, sai dai yana dusashe launin wasu. Bayan ya saki, ka soka allura a ɓawon baya na dama, kusa da kafaɗa, ta fito tsakanin ƙafar tsakiya da ta baya. Ka kafa shi a soso, ka miƙe ƙafafun yadda za a ga tafinsu, ka kwantar da ƙahonin su bi gefen jiki, ka tokare su da wasu allurai har ya bushe. A zafin Maradi mako ɗaya ya wadatar, da damina ka ƙara. Ƙahon da ya bushe a miƙe waje shi ke fara karyewa, kuma ƙwaron da ba ƙaho ya rasa rabin shaidarsa.

Takardar shaida ƙarama ce, ana soka ta a allurar ƙarƙashin ƙwaron. Ƙasa, jiha, gari, kwanan wata, yadda aka kama, icen da ya fito, da sunan mai kamu. Wata ana rubuta shi da lambar Romawa don kada a rikita shi da rana, misali: NIGER, Maradi, Madarunfa, 14.VII.2024, daga busasshen reshen bagaruwa. Da fensir za ka rubuta. Shekarar da na fara, na cika kwalabe goma sha da ƙwari, kowace da takardarta da na rubuta da bik na jefa cikin alkol. Bayan wata ɗaya duk takardun sun zama fari fat, alkol ya koma shuɗi, ban ƙara sanin wanne ya fito daga ina ba. Ka kuma sa kafur a kusurwar akwatin, ka rufe shi ruf, in ba haka ba kiyashi za su yi maka rabon gado tun kana raye.

Tambaya ta farko: shi ne kuwa?

Kafin ka nemi gida, tabbatar ɗan dangi ne. Dubi bayansa. Ɓawon fiffike biyu su haɗu a tsakiya da miƙaƙƙen layi. In ɗaya ya hau kan ɗaya, kyankyaso ne ko wani abu daban, komai tsawon ƙahonsa. Ƙirga gaɓoɓin ƙaho: yawanci 11 ne, suna tsirowa daga wani ɗan tudu a goshi, kuma ƙwaron yana iya mayar da su baya su kwanta a jikinsa. Idon yakan yi lanƙwasa kamar ƙwayar wake, ya rungumi gindin ƙahon.

Sai tafin ƙafa, wanda shi ne alamar da ba ta cika yaudara ba. Da ido za ka ƙirga gaɓa 4, ta uku mai faɗi ce, a rabe biyu kamar kofaton akuya, ƙasanta da gashi mai laushi. A gaskiya 5 ne, ta huɗu ƙanƙanuwa ce ta ɓuya a tsakiyar rabuwar. Dangin ƙwarin ganye, Chrysomelidae, su ma haka tafinsu yake, don 'yan uwan juna ne na kusa, kuma ƙwaron da ke huda mana wake a rumbu ɗan can ne. Bambancin, nasu ƙahon bai cika kai rabin jiki ba, jikin kuma gajere ne.

A nan ne na sha wuya. Wata damina a gonar wake na ga wani baƙin ƙwaro mai jan ratsi a gicciye, na ce yau ga mai dogon ƙahon nan da ake kira Ceroplesis har gida, na damƙe shi da hannu, na kuma share gumin wuyana da hannun. Washegari fata ta yi bororo kamar an zuba mini ruwan zafi. Ɗan dangin Meloidae ne, masu cin furen wake da kuɓewa da gero. Da na tsaya na duba da na ga ƙahonsa gajere ne mai kauri a baki, wuyansa siriri ya fi kansa ƙanƙanta, ɓawonsa kuma taushi gare shi. Kama da wane ba ta wane.

Ramin ice ma yana da masu kama. In ramin ƙarami ne zagayayye, yana zubar da gari mai laushi kamar na tuwo, aikin Bostrichidae ne, masu dunƙulallen kai a sunkuye. In bakin ramin gefe ɗaya a miƙe yake ɗaya a lanƙwashe, kamar rabin wata, na Buprestidae ne masu ƙyalli.

Tambaya ta biyu: wane ƙaramin dangi?

Cikin takwas ɗin nan, uku ne za ka yi ta karo da su a ƙasarmu: Prioninae, Cerambycinae da Lamiinae. Lepturinae, masu siririn wuya da ke bin furanni, yawancinsu na ƙasashen sanyi ne.

Riƙe ƙwaron ka dube shi ta gefe, kamar mai ɗaukar hoton katin ɗan ƙasa. In fuskar ta sauko tsaye kamar bango, bakin yana kallon ƙasa ko ma ya ɗan koma wajen ƙirji, kusan ka gama: Lamiinae ne, mafi yawa a dangin, jinsi wajen 20,000. Ka tabbatar da abu biyu. A gefen baki akwai wasu 'yan yatsu ƙanana masu gaɓa, gaɓarsu ta ƙarshe a nan mai tsini ce kamar ƙwayar shinkafa. Sannan a cikin ƙwaurin ƙafar gaba akwai wani ɗan kwari a karkace, wanda yake goge ƙahonsa da shi.

In kan ya miƙe gaba ko ya ɗan sunkuya, bakin yana gaba, sai ka koma ga wuya, wato garkuwar da ke tsakanin kai da fiffike. Shafa gefenta da bakin allura. In akwai kaifi da ya raba sama da ƙasa kamar bakin faranti, galibi da haƙora ko ƙayoyi a jere a kansa, Prioninae ne. Su ne manyan nan masu launin ƙasa ko baƙi-baƙi da ke bugun kwano da dare, kuma ƙaton dangin duka, Titanus giganteus na dajin Amazon mai kusan santimita 17, nasu ne. In gefen wuyan a mulmule yake ba kaifi, ko da akwai ƙaya guda a tsakiya, kuma 'yan yatsun bakin ƙarshensu a datse yake kamar an yanke da wuƙa, Cerambycinae ne.

Mai rai yana ba da wata shaidar. Lamiinae da Cerambycinae in ka riƙe su sukan yi ƙara, ƙiƙi-ƙiƙi, suna ɗaga wuya suna saukewa, don gefen garkuwar yana gogar wani wuri mai zane-zane a bayansu. Prioninae ba su da wannan magogi. Ƙwayoyin ido ma ka dube su: masu manyan ƙwayoyi da ake gani ɓaro-ɓaro 'yan dare ne, masu ƙanana sumul 'yan rana.

Tambaya ta uku: wane gida?

Kafin ka buɗe kowane littafi ko shafin intanet, ɗauki takarda ka rubuta abin da ka gani. Tsawo daga goshi zuwa ƙarshen fiffike da milimita, ban da ƙaho. Ƙahon ya wuce jiki ko bai kai ba. Gaɓar ƙaho ta uku ta fi ta huɗu tsawo ko kuwa. Ƙaya nawa a gefen wuya. Ƙarshen fiffike zagaye ne, datse, ko da tsini. Cinya siririya ce ko mai kumburi kamar kulki. Dalilin rubutawa tun farko shi ne ido yana da son zuciya, da ka ga hoton da ya burge ka sai ka fara ganin alamun da babu su. Ka kuma tuna namiji yakan fi mace dogon ƙaho, mace ta fi faɗin ciki, kuma girma yana bin abincin da tsutsar ta samu. 'Yan uwa biyu daga reshe ɗaya, wani ya kusa ninka wani.

A Prioninae aikin bai da wuya sosai, don manya ne kuma gidajensu a yankinmu ba su da yawa. Ƙaya uku manya a kowane gefen wuya, muƙamuƙi kamar almakashi, bayan da dabbare-dabbaren gashi mai haske: ka nufi Tithoes, wanda tsofaffin littattafai ke sa shi ƙarƙashin Acanthophorus. Jiki dogo, wuya ya tsuke ta gaba da ƙananan ƙayoyi da yawa a jere kamar zarto, gaɓar ƙaho ta uku doguwa mai kauri da ta fi sauran nesa ba kusa ba, ƙafafu da kaushi: Macrotoma ke nan, kuma Macrotoma palmata sananne ne a itatuwan ƙaya irin bagaruwa tun daga Senegal har Masar. In kuwa jikin a baje yake yana sheƙi, ƙahon gajere, muƙamuƙin namiji ya miƙe gaba da gashi a cikinsa, duba Mallodon.

A Cerambycinae, biyu sun isa ka fara da su. Neoplocaederus yana da wuya mai tamoji kamar goshin tsoho, da ƙaya guda a kowane gefe, da gashi mai laushi kwance a baya. Tsutsarsa tana da wata al'ada: in za ta rikiɗa sai ta gina wa kanta ɗaki mai tauri fari, kamar ɓawon ƙwai. In ka fasa ice ka ga wannan, ka san wanda ya kwana a ciki. Xystrocera kuwa ja-ja ne mai ratsin kore mai ƙyalli a tsaye, cinyoyinsa kamar kulki, gaɓar ƙahonsa ta farko da tsini a baki.

Lamiinae ne ke sa furfura, don haka a nan sai ka ƙara dubawa wuri biyu. Na farko bakin gaɓar ƙaho ta farko: wasu suna da wani tabo mai kaushi a wurin, kewaye da ɗan kaifi, wasu babu. Na biyu akaifa. Ka dubi tafin ƙafar ta gaba da gilashi. Akaifu biyun ko dai sun buɗe gaba ɗaya kowace ta kalli nata gefe, ko sun ɗan ware kawai kamar ƙahon akuya, ko kuma kowace tana da ɗan haƙori a gindinta. Da waɗannan biyun ake raba zuri'o'i da yawa, kuma mabuɗan littattafai, wato jerin tambayoyin da ke kai ka ga sunan ƙwaro, a kansu suke fara tambaya.

Gajere mai kauri, santimita 1 zuwa 2, toka-toka kamar ɓawon ice, da 'yan tuntayen gashi a baya da ƙaya a gefen wuya, wanda ya faɗo daga itacen ƙaya: fara da Crossotus, gidan da ya saba da Sahel. Baƙi mai jan ratsi a gicciye, tudun ƙahoninsa biyu sun matso juna a goshi: Ceroplesis na gaskiya. Babba mai kusan santimita 5, baƙi da faffaɗan ratsi uku ruwan lemo: Analeptes. Shi wannan yakan ci ɓawon reshe ya zagaye shi kamar an sa zobe, reshen ya bushe, macen ta yi ƙwai a ciki. Masu gonakin kaju a Benin da Najeriya da Gana sun san shi sarai, yana kuma taɓa kuka da rimi da danya, sai dai ya fi yawa kudu da mu inda ruwa ya fi. Ƙarami mai kamar santimita 1, gajeren ƙaho, launin ƙasa da fararen ɗigo a karkace, wanda ka samu a garkar kabewa ko kankana da yaɗonta ya kumbura ya tsage: Apomecyna. Siriri dogo kamar tsinke, mai haƙori a gindin akaifa, yana wajen Oberea da Nupserha da 'yan uwansu, masu huda ɗanyen kara da ƙananan rassa.

Waɗannan ƙofofin shiga ne. Kowane gida a nan yana da maƙwabta masu kama da shi, shi ya sa mataki na gaba ya zama dole.

Tabbatarwa da rubuta suna

Ɗauki hoto huɗu: ta sama, ta gefe, fuska, da ta ciki, kowanne da rula a gefe. Hoton sama kaɗai shi mutane suka fi turawa, alhali shi ya fi ƙarancin amfani, tunda fuska da akaifa ba sa fitowa. Ka gwada da rumbun bayanai na Titan, wanda Gérard Tavakilian da Hervé Chevillotte suka tattara kan wannan dangi na duniya baki ɗaya, ka duba a GBIF, shafin intanet da ke tattara wuraren da aka samu halittu a duniya, ko an taɓa samun gidan a Afirka ta Yamma. In sunan da ka kai gare shi na wani ƙwaro ne da ba a san shi ba sai a Borneo, kai ne ka ɓata hanya, koma baya. A iNaturalist, shafin da mutane ke ɗora hotunan halittu, akwai masana da ke duba hotuna, amma sunan da na'urar shafin ke fara ba ka shawara ce kawai, kuma a ƙwarin Sahel takan yi kuskure don hotunanmu ba su da yawa a can. Kusa da gida, akwai masu binciken ƙwari a cibiyar binciken aikin gona ta INRAN da ke Tarna. Manyan tarin ƙwarin yankinmu kuma suna cibiyoyin bincike na IFAN a Dakar da IITA a Benin, da gidajen tarihin halittu na Paris da Tervuren a Beljiyam. Yawancin rubutun da aka yi kan na Afirka da Faransanci ne, irin na André Villiers, wanda ya yi aiki a Dakar, da Stephan von Breuning, wanda ya raɗa wa dubban Lamiinae suna kafin rasuwarsa a 1983. Wannan sa'a ce gare mu 'yan Nijar. Sai dai bayanan Breuning gajeru ne ƙwarai, kuma sunaye da dama da ya raɗa daga baya an gano ƙwaro ɗaya ne aka yi wa suna biyu.

Sunaye suna sauyawa, kada abin ya dame ka. Kowane gida an ɗaure sunansa ne a kan jinsi guda da aka zaɓa ya zama ma'auni, kuma in suna biyu suka yi karo, wanda ya riga shi ke tsayawa. Shi ya sa tsofaffin littattafai ke cewa Plocaederus ga na Afirka da Asiya, har zuwa 1991 da Gianfranco Sama, Ba'italiye, ya ba su Neoplocaederus, don tsohon sunan yana ɗaure da wani jinsi na Kudancin Amurka. Itatuwanmu ma abin ya shafe su: gawo ya tashi daga Acacia albida ya koma Faidherbia albida, bagaruwa ta koma Vachellia nilotica. In kana neman bayani, nema da tsohon suna da sabo duka.

Wajen rubutawa, sunan gida da na jinsi a karkace ake buga su, ko a ja musu layi in da hannu ne, sai sunan wanda ya raɗa da shekara. Analeptes trifasciata (Fabricius, 1775): bakan da ya kewaye Fabricius yana nufin shi a gidan Lamia ya fara sa shi, daga baya aka mayar da shi Analeptes. In gida kaɗai ka tabbatar, rubuta Crossotus sp., ka tsaya nan. In kana zaton jinsin amma ba ka gwada da na ma'auni ba, sa cf. tsakanin kalmomin biyu. Na ga rahotannin ƙarshen karatu da aka cika da cikakkun sunaye da aka kwaso daga hotunan intanet, kuma ni a wurina "sp." guda mai takardar shaida ta fi su duka daraja, don wanda ya zo bayanka zai iya ɗorawa a kai. Sunan da ka ba shi ka rubuta a takarda ta biyu, daban da ta wurin kamu, da sunanka da shekara, yadda in wani ya gyara zai ƙara tasa ba tare da ya taɓa ta farko ba.

In kana da niyyar kai aikin gaba, tun ranar kamu ka cire ƙafar tsakiya guda ta dama, ka sa a ƙaramar kwalba da alkol mai ƙarfin 95, ka ba ta lamba ɗaya da ta ƙwaron, ka ajiye a firigo. Da ita ake gwajin ƙwayar halitta, inda ake karanta wani guntu mai harufa kusan 650 da ake kira COI, hanyar da Paul Hebert na Kanada ya gabatar a 2003. Alkol mai ƙarfin 70 da zafin watan Afrilu suna lalata abin da ake nema a ƙafar, don haka kwalbar nan kada ta kwana a kan taga.